Kwaskwarima da garambawul a wuraren wasa na Ingila

Ranar 16 ga Maris, 2024 aka sake buɗe Nemesis a Alton Towers. Muna cikin azumi, don haka na ce wa yara su yi haƙuri sai bayan Sallah. Babbar 'yata ta fi kowa ƙagara. Dokar wurin ita ce sai tsayin mutum ya kai mita 1.4 kafin a bar shi ya hau, ita kuwa da muka je a 2022 saura ƙiris ta kai. Ma'aikacin ya auna ta da sanda, ya girgiza kai, ta yi kuka har mota. Kafin ta ƙaro ɗan tsawon da ake nema sai aka rufe jirgin, ranar 6 ga Nuwamba na shekarar, aka ce za a yi masa aiki. Shekara ɗaya da wata 4 tana jingina da ƙyauren kicin ina ja mata layi da fensir.

Ga wanda bai san wurin ba, Alton Towers wurin wasa ne a Staffordshire, tsakiyar Ingila, cikin harabar wani tsohon gidan sarauta. Nemesis kuma irin jirgin wasan nan ne mai gudu a kan dogo, ya hau, ya gangara, ya wuntsila mutane. Sai dai shi a ƙarƙashin dogon aka rataye kujerunsa, ƙafafunka na reto a iska. Kamfanin Bolliger & Mabillard na Suwizalan ne ya ƙera shi, aka buɗe shi a 1994. Da yake ba a yarda gini ya zarce tsayin bishiyoyin yankin ba, sai aka fasa dutse, aka haƙa ƙaton rami, aka dasa jirgin a ciki. Tsawon dogon mita 716, gudunsa ya kai kilomita 80 a awa, yana juya mutum kai ƙasa sau 4, kuma duk ana yi ne kana ganin dutse na wucewa dab da tafin ƙafarka.

Da muka isa bayan Sallah, sunan ya koma Nemesis Reborn. Dogon da na sani fari ya zama baƙi ƙirin, da jan zane a jikinsa kamar jijiyoyi. Dodon da aka gina a tsakiyar ramin ya samu ƙaton ido mai motsi yana bin mutane da kallo. Muna tsaye a layi yarinyar ta ja hannun rigata.

“Abba, wai wannan sabo ne, ko tsohon ne aka yi wa fenti?”

Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin sana'ata ke nan. Duba ƙarfe nake yi, in nemo tsaga a jikinsa ba tare da an yanka shi ko an fasa shi ba. Gadoji, tankuna, ƙugiyoyin injin ɗaga kaya, su ne abincina na yau da kullum. Amma sifana ta farko da na riƙe a garejin Kawuna ne, a Panteka ta Kaduna, ina ɗan shekara 12. A garejin nan aiki iri biyu ake kawowa. Akwai mai zuwa ana jibi Sallah ya ce a buga masa bodi, a fesa fenti, a sauya kafet. Akwai kuma mai cewa a sauke inji, a duba ringi da fistin da boris, a bi birki tun daga tukunya har taya. Na farkon kwaskwarima, na biyun garambawul. Kawu yana karɓar duka biyun, amma ban taɓa ganin ya saki mota da sabon fenti alhali man birkinta na ɗiga ba. Sau da yawa an yi fushi da shi a kan haka. Ni kuma na tashi da raina kwaskwarima, ina ganinta aikin rufa ido. Wuraren wasan ƙasar nan ne suka sa na sassauta, ko da yake ban sauka daga kan maganar Kawu ba.

Hunturu uku a jere kamfanin da nake wa aiki ya samu kwangila a wani wurin wasa, ba Alton Towers ba, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Yawancin irin waɗannan wurare a Ingila suna rufewa a farkon Nuwamba sai tsakiyar Maris. Mai wucewa ta bakin ƙofa zai ɗauka barci suke yi. Shiga ciki a watan Janairu ka gani. An lulluɓe rumfuna da tamfol, an janye ruwan tafkunan, ba kiɗa, ba ƙanshin soye-soye, sai ƙarar guduma da injin walda. An sauke jirage daga kan dogo an kai su shago, an kwance su har noti na ƙarshe. Kowane ƙarfe yana cikin tirensa da lambarsa, kuma kowace lamba tana da shafinta a kundi: ranar da aka sa shi, wanda ya ɗaure shi, wanda ya duba bayan an ɗaure.

A nan na fara ganin ƙafafun jirgin da kyau. Iri uku ne suke rungume dogo. Na sama su ke ɗaukar nauyi, na gefe su ke riƙe shi a kwana, na ƙasa kuma su ke hana shi tashi sama in ya zo kan tudu da gudu. Waɗannan na ƙasan wani Ba'amurke ne, John Miller, ya yi rajistar dabararsu a 1919, kuma da babu su da ba a yi irin jiragen yau masu wuntsilawa ba. Fatar ƙafafun roba ce mai tauri ko nailan, tana cinyewa kamar tayar mota, ana aunawa ana sauyawa.

Ranar da ba na mantawa wata Talata ce mai sanyin da yatsu ke ƙagewa. Aka jero mini sandunan ƙarfen da ƙafafun ke juyawa a kansu, an kankare musu fenti da giris sun yi fes. Na shiga ɗan tantin baƙin yadi da muke kafawa don a samu duhu. Yadda aikin yake, ana ɗora wa ƙarfen maganaɗisu mai ƙafa biyu, a fesa masa wani ruwa mai garin ƙarfe a ciki, sannan a haska da tocila mai shuɗin haske. In ƙarfen lafiya lau ne, ruwan zai gangare ya bar shi. In akwai tsaga, garin zai taru a bakinta ya yi haske. Na duba 13 ban ga komai ba. A na 14, daidai kafaɗar da sandar ke sirancewa, sai ga wani koren layi ya fito, siriri kamar gashin jariri, tsawonsa bai kai farce ba. Na goge, na sake fesawa, ya sake fitowa a wurin. Na fito da shi hasken rana na juya shi ta ko'ina, ido bai ga komai ba. Na bi da farce, ban ji komai ba.

Shugaban makanikan wurin wani dattijon Bature ne da ya fi shekara 30 yana wannan aiki. Na kira shi cikin tantin, ya sunkuya ya duba. Bai yi musu ba, bai ce a bari sai baɗi ba. Ya ciro jan kati daga aljihu ya ɗaura wa sandar, sannan ya sa yaransa su buɗe kundi su zaƙulo duk 'yan'uwanta da aka sayo tare, har waɗanda ke kan ɗaya jirgin. Mun kai dare a ranar. Tun daga lokacin nake ganin girmansa.

Abin da ke haifar da irin wannan tsaga shi muke kira gajiyar ƙarfe. Ɗauki waya ka lanƙwasa ka miƙar, ka sake, ka sake. Ba ƙarfi ka sa ba, amma za ta tsinke. Haka dogo da sanda suke ɗan lanƙwasawa duk lokacin da jirgi cike da mutane ya wuce, sau ɗaruruwa a rana, shekara da shekaru. Neman tsagar ma tsohuwar hikima ce aka sa wa lantarki. Iyayenmu mata ba sa sayen tukunyar ƙasa sai sun ƙwanƙwasa sun ji amonta. Ma'aikatan jirgin ƙasa na dā suna bin ƙafafun tarago da doguwar guduma suna saurare. Kawu ma da sifana yake yi, ya buga ya karkata kunne.

Akwai kuma wata 'yar waya da ake zurawa ta kan noti a murɗe, don ko girgiza ta yi yawa kada ya warware. Kuɗinta bai kai na shayi ba. Ranar 5 ga Satumba, 2003 a Disneyland ta Kalifoniya, wata ƙafa ta ɓalle daga kan jirgin Big Thunder Mountain, kan jirgin ya daki rufin kogo ya faɗo wa taragon farko. Wani saurayi ɗan shekara 22 ya rasu, mutum 10 suka ji rauni. Binciken hukumar jihar ya gano cewa ba a ɗaure notuna yadda ya kamata ba, kuma ba a sa wannan waya ba. Kowane mai sana'armu ya san labarin. Shi ya sa idan an gama haɗa jirgi ba a sa mutum a ciki sai an zaunar da robobi masu siffar mutum cike da ruwa an yi ta zagaye da su. Daga nan mai dubawa na waje, wanda ba ma'aikacin wurin ba, ya zo ya bi komai a ƙarƙashin tsarin da ake kira ADIPS, ya ba da takardar shekara. Bayan an buɗe kuma kullum da asuba sai wani ya taka matakalar dogon ya duba, ya gwada birki da maƙallan kujeru, ya sa hannu.

To, Nemesis ya yi shekara 28 yana wannan lanƙwasa da miƙewa. Abin da aka yi masa garambawul ne na gaske: an cire yawancin dogon da yawancin ginshiƙansa, aka ƙero sababbi a kan zanen asali, aka mayar da su gurbinsu kwana bayan kwana. An yi sa'a kamfanin da ya ƙera shi yana nan da ransa da takardunsa. Na ce wa 'yata, “Hanyar tsohuwa ce, ƙarfen sabo ne. Fentin da idon dodo kuma don ke aka yi su.”

Muka samu layin gaba. Aka saukar mana da maƙalli a kafaɗa, ma'aikaciya ta bi tana jijjiga kowanne. Sarƙa ta ja mu sama, yarinyar ta damƙe hannuna har farcenta ya shata. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai iska da ihunta. Jikina ya gane kowace kwana, musamman wadda ke matse mutum cikin kujera bayan wuntsilawar farko, har ƙafafu su yi nauyi. A kunnena dai rurin da tsohon ke yi ya ragu. Dā tun daga nesa kake jin sa kamar hadari na haɗowa. Da jirgin ya tsaya, ɗankwalinta ya zame, idonta ya yi ruwa saboda iska, ta ce, “Abba, mu sake.”

A hanyar komawa gida na yi ta juya maganar da na faɗa mata, cewa fentin don ita aka yi. Gaskiya ce, kuma a nan ne ra'ayina ya sauya. Sauya dogo kuɗi ne mai yawa, ga rufe jirgin da ya fi jan mutane na shekara guda cur. Ba wanda zai tuƙa mota awa biyu, ya sayi tikitin iyali, don an ce masa an sa sabon ƙarfe mai kama da tsohon sak. Amma a ce masa dodon ya farka, ya yi baƙi, yana da ido, zai zo da 'ya'yansa. Kuɗin tikitin nan su ke biyan mai walda da ni mai tocila. Kwaskwarimar ce ke ciyar da garambawul. Sharaɗin Kawu dai yana nan: birki tukuna.

Ba kowace kwaskwarima ke karɓar jirgi ba. A Alton Towers ɗin akwai Air, wanda aka buɗe a 2002, inda ake kwantar da mutum rub da ciki ya yi ta shawagi kamar shaho a saman ciyawa da kan mutane. A 2016 aka mayar da sunansa Galactica, aka ba masu hawa wani tabarau mai allo a ciki da ke nuna musu sararin samaniya. Sa tabarau, ɗaure shi, goge shi kafin na baya ya sa, duk suna cin lokaci. Ban da haka, daɗin jirgin shi ne ganin ƙasa na gudu a ƙarƙashinka, sai ga shi an rufe idon. Zuwa 2019 an janye tabarau, sunan ya zauna. Gidan fatalwa na wurin kuwa sau biyu yana sauya riga: a 1992 Haunted House, a 2003 aka sa wa kujerun bindigogin haske aka kira shi Duel, a 2023 aka cire bindigogin aka ba shi sabon labari da suna The Curse at Alton Manor. Gini ɗaya, hanya ɗaya. Wannan na ƙarshen ya yi kyau, autana har yau ba ya yarda ya shiga.

Wani lokaci kuma ƙarfen ƙalau yake, labarin ne ya tsufa. Splash Mountain, kwalekwalen da ke gangarowa daga tudu mai kimanin mita 15 ya faɗa ruwa, an buɗe shi a Disneyland a 1989, a Fulorida da Tokyo kuma a 1992. An ɗauko labarinsa daga wani fim na 1946, Song of the South, wanda aka daɗe ana suka saboda yadda ya ƙawata zaman baƙar fata a gonakin kudancin Amurka, har kamfanin Disney da ya yi fim ɗin ya ɓoye shi da kansa. A watan Yunin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar kisan George Floyd, Disney ya sanar zai sauya shi. Aka rufe na Amurka biyun a 2023, suka dawo a 2024 da suna Tiana's Bayou Adventure, da labarin gimbiya baƙar fata ta farko a zanen kamfanin. Magudanar ruwan da tudun suna nan yadda suke. Na Tokyo bai sauya ba. Mutane da yawa sun ji zafin rufewar, har aka riƙa sayar da ruwan tsohon a kwalba ta intanet, kuma ban ga laifinsu ba, wurin da iyayenka suka kai ka kana yaro ba ya fita rai. Amma ina da 'ya baƙa da ke girma a ƙasar Turawa, na san abin da ganin mai kama da ita a irin wannan wuri yake yi mata. Wani abin lura, shi kansa Splash Mountain na Kalifoniya da kayan kwance aka cika shi: yawancin mutum-mutumin dabbobin da ke rawa a ciki an kwaso su ne daga America Sings, wani wasa da ya yi aiki daga 1974 zuwa 1988.

A watan Agusta na 2024 Kawu ya zo ganin jikoki. Ya manyanta, gwiwa ta fara damunsa, amma idonsa na makaniki yana nan. Na rasa inda zan kai shi da zai fi ba shi sha'awa, sai na tuna Pleasure Beach ta Blackpool, a bakin teku, wadda ke aiki tun 1896. In Alton Towers gidan sabon ƙarfe ne, nan gidan tsofaffi ne da ake jinya ba dare ba rana, ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe kamar gara ta samu zana.

Na fara nuna masa The Big One, mai tsayin mita 65, sa'an Nemesis ne, shi ma 1994, kuma a lokacin babu wanda ya kai shi tsayi a duniya. Bambancinsu, kamfanin Arrow na Amurka da ya ƙera shi ya karye a 2001. Babu uban da za a koma wa. Sai masu wurin suka ɗauki hanyar kaɗan-kaɗan: tun wajen 2019, in hunturu ya shigo, a cire wani yanki na dogon, wani kamfanin ƙarfe na nan arewacin Ingila mai suna Taziker ya ƙero madadinsa, a ɗaura kafin a buɗe. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce haka ake yi wa motar da aka daina kawo kayanta, sai ka nemi mai tani da maƙeri na kirki ka riƙe su hannu biyu.

Inda ya fi daɗewa a tsaye shi ne gindin Big Dipper, jirgin katako na 1923, wanda ya cika shekara 100 a 2023. Kusa da shi akwai Grand National na 1935. Dogon irin waɗannan alluna ne ake jerawa ɗaya kan ɗaya a ƙusance, a shimfiɗa siririn ƙarfe a sama inda ƙafa ke bi. Katako yana shan ruwa, yana bushewa, yana ruɓewa, ƙusa na saki, don haka kafintoci ba sa rabuwa da shi. Jirgi ya wuce ta samanmu, duk ginin ya yi motsi ya koma. Kawu ya nuna da sandarsa wani allo da launinsa ya fita daban.

“Ɗana, wancan bai fi shekara ba. Wancan na kusa da shi kuwa ya kwana biyu. Anya akwai sauran katakon farko a jikin abin nan?”

“Kawu, in ma akwai, kaɗan ne.”

“To ai shi ke nan. Gidanmu na Zariya ma duk shekara yaɓe ake yi masa, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba gidan kakanmu ba ne.”

A 2017 gwamnati ta sa Big Dipper da Grand National cikin gine-ginen tarihi da doka ke karewa. Wild Mouse, wani ɗan ƙaramin jirgin katako na 1958 da ya fi duk wanda na taɓa hawa sa ni salati, bai samu shiga ba, kuma a hunturun shekarar ta 2017 aka kwance shi. Har yau in na bi ta wurin sai na waiga. Wani kuma fenti ne ya cece shi: Roller Coaster na 1933 an shafe shi da ruwan lemo a 2011 aka kira shi Nickelodeon Streak, yara na rububinsa ba su san ya girmi kakanninsu ba, balle su san tudun da ke jan su sama gadon wani jirgi ne na 1909.

Da muka zo Infusion, shuɗin jirgin da ke shawagi a kan ruwa, na gaya wa Kawu cewa wannan Beljiyam ne, wato na hannu. A Southport ya fara aiki a 1999 da suna Traumatizer. Da aka rufe can a 2006 aka kwance shi, aka kawo nan, aka sauya masa launi da suna, aka buɗe a 2007. Kawu ya ce kayan kwance ba aibi ba ne in dai an san tarihinsu. Na ce masa a nan jirgi ba ya tafiya sai da kundinsa.

Maganar ta taɓa ni, domin ta tuno mini da babbar Sallar 2023 da na yi a gida. Na kwashi 'ya'yan ƙannena na kai su wani wurin wasa. An sha fenti, ja da rawaya, har yana kama hannu. Na tsaya bakin lilon nan mai kujerun sarƙa da ke juyawa, idona ya sauka a inda sarƙa ta haɗu da hannun ƙarfe. A gurbin fil ɗin da ya kamata ya riƙe ta, ƙusa ce aka zura aka lanƙwasa bakinta, ta riga ta cinye rabi. Na kira yaron da ke kunna injin a gefe.

“Ƙanena, yaushe rabon da a duba wannan?”

“Wallahi Yallaɓai, ni dai fenti aka kawo mana satin jiya.”

Ba laifinsa ba ne, kuma ya yi kirki, ya ɗaure kujerar ya hana a hau ta. Na sauke yaran duk da haka, suka yi ta fushi da ni har gida. Abin da ya tsaya mini a rai, fil ɗin nan duk wani mai tani a Panteka zai fitar da shi kafin shayi ya huce. Hannu muna da shi. Watan da za a rufe a kwance komai, da kundin da za a rubuta, da baƙon ido da zai zo ya ce a'a, su ne ban gani ba a wurin nan. Duk mai kai yara lilo ranar Sallah, don Allah ya ɗaga kai ya dubi inda sarƙa ta rataya kafin ya dubi launin kujera.

La'asar ta yi mana a Blackpool muna gindin abin da ya girmi komai a wurin, Flying Machines, wanda ke juyawa tun 1904. Dogayen hannuwa ne na ƙarfe a kan hasumiya, an rataya musu jirage, in ya ɗauki gudu sai su buɗe su yi sama. Shi ma ya sha sauya riga: abin zaman ya fara kamar kwalekwale, ya koma jirgin sama, ya koma roka. Amma a ƙasa, ta wata taga, ana ganin ɗakin injinsa. Kawu ya manna goshi da gilashin. Manyan haƙoran giya na cizon juna a hankali, baƙi wuluk da giris, ba gaggawa, ba ƙara mai tsini.

“Ka ji?” ya ce. “Ba inda yake kuka. Wa ya ƙera shi?”

Na ɗan yi jinkiri kafin na faɗa masa. Hiram Maxim ne, ya yi shi don ya tara kuɗin gwajin jirgin sama da yake yi. Shi ne kuma mai bindigar nan mai ruwan harsashi da ake kira da sunansa, wadda sojojin Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903, shekara guda kafin a kunna wannan injin.

Kawu ya ɗago daga gilashin. Ya daɗe bai ce komai ba, yana kallon rokokin na wucewa cike da yara.

“Allah ya jiƙan mazan jiya,” ya ce a hankali. Na ce amin.

Ya sake sunkuyawa ya dubi giyar, ya ce in da hali yana so ya gaisa da mai sa mata giris. Na tambayi wata ma'aikaciya, ta ce makanikan suna can wani ɓangaren, sai dai da safe. Babbar 'yata ta zo ta kama hannunsa.

“Kaka, wannan ba ya wuntsilawa. Zo mu hau.”

“Amarya, da wannan gwiwar tawa?”

“Zan riƙe ka.”

Ya miƙo mini sandarsa. Na tsaya a ƙasa ina kallonsu suna hawa matakala a hankali, ita a gaba shi a baya. Aka kunna, hannuwan suka fara buɗewa, rokarsu ta yi waje ta saman rumfuna. A zagaye na uku na hango shi sosai, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya a kafaɗar jikarsa, ya karkata kai wajen hasumiyar yana sauraren injin.